Ebolushon: wace kalma za mu ba ta da Hausa?

Malam Sani, unguwar Nima a Accra: Jama'a, ranar Asabar matasan makarantarmu za su yi muhawara kan idon ɗan Adam: haka aka ƙera shi tun farko, ko kuwa bayanin da masanin halittu Darwin ya kawo a 1859 ne daidai, wato ebolushon, cewa halittu na canzawa a hankali cikin dogon zamani? Kalmar ebolushon ce ta tsaya mini a wuya. Ina neman wadda ba za ta yanke hukunci tun kafin yara su buɗe baki ba.

Hajiya Rabi, Aboabo: Malam, ai "juyin halitta" ake cewa.

Malam Sani: Hajiya, a Ghana in ka ce juyi, dattawa 1966 da 1979 za su tuna, soja a gidan rediyo da asuba. Dare ɗaya ke nan. Wannan kuwa lamari ne mai nawa ƙwarai. A 1994 wasu masana biyu na Suwidin, Nilsson da Pelger, sun lissafa cewa daga fata mai jin haske zuwa ido cikakke zai ɗauki zuriya kusan 364,000, kuma suna ganin wannan ma sauri ne.

Baba Issa, Sabon Zongo: To "rikiɗa" fa?

Hajiya Rabi: Baba, a yi haƙuri, rikiɗa ta maye ce da ke komawa kura. Da ita aka ɓata zancen, har ake cewa biri ya wayi gari mutum. Masu ra'ayin ebolushon kuwa cewa suke mutum da biri kakansu na asali ɗaya ne.

Yakubu, ɗalibin likitanci a Kumasi: Iyayena, kada dai a ce "ci gaba", domin ido da kansa zai ƙaryata mu. Ƙwayoyin da ke karɓar haske a tantanin bayan idonmu baya suke fuskanta, jijiyoyi na gabansu, sai sun huda tantanin su fita zuwa ƙwaƙwalwa. Wurin hudar ba ya gani sam. Ku zana gicciye da ɗigo a takarda, tazarar yatsa huɗu, ɗigon a dama. Ku rufe idon hagu, ku ƙura wa gicciyen ido, ku matso da takardar sannu. Ɗigon zai ɓace ɓat! Mariotte na Faransa ya gano haka tun ƙarni na 17. Oktofus, dabbar teku mai hannu takwas, ba shi da wannan gurbi, jijiyoyinsa ta baya suke. Akwai kuma kifin kogo a Meziko da ya rasa idanu gaba ɗaya. Wannan ci gaba ne?

Baba Issa: Yaro, kada ka kira shi aibi. Ni shekara saba'in ban taɓa ganin rami a ganina ba.

Yakubu: Gaskiya ne Baba, ɗayan idon da ƙwaƙwalwa ke cike shi. Masu cewa tsari ne ma suna da hujja: juyowar ta sa ƙwayoyin sun jingina da inda jini ke ciyar da su.

Malam Sani: Wannan gardamar ta yara ce ranar Asabar. Ni na tsaya kan "sauyin zuriya". Akwai haihuwa a ciki, akwai sannu a hankali, babu yabo babu zagi. Wurin da ba ya gani kuma "makahon gurbi".

Baba Issa: Makahon gurbi na karɓa. Ɗayar kuwa, a bar ni in kwana da ita tukuna.