Hoton sikanin na fitowa da ɗigo-ɗigo a kan masu jiki, ina mafita?

Maman Hanifa, Bukuru:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ce mai sikanin (ultrasound) a wani ƙaramin asibiti nan Bukuru. Damuwata mata masu jiki: da na ɗora firob, wato abin da ake gogawa a jiki don ɗaukar hoton, sai hoton hanta ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa tsaki, can ƙasa kuma duhu. In na ƙara haske, fari ya rufe komai. Abin yana ci min rai, don wata tun daga Mangu ta biya kuɗin mota ta zo da azumin safe a bakinta. Ko na'urar ce ta gaji?

Injiniya Baba, Abuja:
Wa'alaikumus salam Maman Hanifa. Ba lallai gajiya ba ce. Ɗigo-ɗigon amsa-kuwwar sautin da na'urar ke aikawa ce daga ƙananan abubuwan cikin nama, da ke cin karo da juna a hanyar dawowa, shi ya sa ƙara haske ke ƙara su tare da hoton. Ki kunna THI, wani saiti ne a na'urar da ke tace hoto. Na'urar za ta aika sauti, misali a megahaz 2 (ma'aunin kaɗawar sauti), ta saurari na 4 wanda naman ke haifarwa a can ciki, don haka hayaniyar kitsen bangon ciki ba ta shiga sosai. Sannan ita lissafinta sauti na gudun mita 1540 a daƙiƙa ko'ina, alhali a kitse kusan 1450 ne, dole gefen abubuwa ya dushe. Duhun ƙasan kuwa, ki tura maɓallan TGC (masu ƙara haske gwargwadon zurfi) na ƙasa dama, ki sauke fokas, wato inda hoton ya fi fitowa tsaf, daidai inda kike kallo.

Anti Likita, Farin Gada:
Ƙanwata, akwai saitin da ke haɗa hotuna daga kusurwoyi da yawa, kamfanin Mindray na kiransa iBeam, kamfanin Philips kuma SonoCT. Hanta kan fito sumul, na yarda. Amma ni kashe shi nake in na zo kan matsarmama ko ƙoda, saboda yana rage inuwar da ke bayan tsakuwa, kuma da wannan inuwar nake gane ƙaramar tsakuwa. Haka saitin da ke cakuɗa hoton yanzu da na baya: ki rage shi in kina kallon zuciyar ɗan tayi, in ba haka ba motsin zai dagule miki.

Maman Hanifa:
Allah Ya saka da alheri. Tamu Mindray ce, kuma iBeam ɗin a kunne yake kullum. Injiniya, layi-layin da ke gilmawa a allo in an tayar da janareto fa, shi ma THI zai kashe shi, ko wayar lantarki ta ƙasa (earth) za mu sa a duba?