Neman shawara: maigidana ya dawo daga hannun 'yan bindiga, ya ce babu abin da ke damunsa

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. A bara 'yan bindiga suka tare motar da maigidana yake ciki a hanyar Birnin Gwari, suka kora su daji. Sai da dangi suka yi karo-karo, aka sayar da gonar gado, sannan Allah Ya kuɓutar da shi. Tun da ya dawo bai taɓa faɗin abin da ya gani a can ba. Duk wanda ya zo jaje amsa ɗaya yake samu: "Alhamdulillahi, ai ya wuce." Ni da muke kwana ɗaki ɗaya na san bai wuce ba. Yakan zabura da tsakar dare sharkaf da gumi, ƙarar babur kuwa sai ta miƙar da shi tsaye. Mutumin da ko tsawa ba ya yi wa yara, shekaranjiya autanmu ya zubar da shayi ya kai masa mari. Abin da ya fi ƙona min rai, wai na raina shi, wai kallon wanda ya talauta danginsa nake masa. Wallahi ban taɓa kawo haka a raina ba. In na ambaci asibiti sai ya ce na mai da shi mahaukaci. In matsa masa ya yi magana ne, ko in zuba masa ido?

Hajiya Babba: Allah Ya ba shi lafiya, 'yata. Namiji ba ya son matarsa ta ga rauninsa. Ki kyautata masa abinci da shimfiɗa, ki dage da addu'a, kada ki kai maganar gaban danginsa tukuna.

Anti Nas: 'Yar'uwa, na daɗe ina aikin jinya a sashen masu damuwa, kuma abin da kika lissafa ba baƙo ba ne gare mu. Idan abu ya fi ƙarfin zuciya, takan ƙirƙiro wa kanta hanyoyin kariya ba tare da mai ita ya sani ba. Likitan nan na Ostiriya, Sigmund Freud, shi ya fara bayanin haka, 'yarsa Anna Freud ta tattara su a littafi a 1936. Guda uku na gani a labarinki.

"Ai ya wuce" ɗin nan musantawa ce. Kada ki ɗauke ta ƙarya. A daji ita ta riƙe shi: wanda ake duka, ake buga wa iyalinsa waya yana ji, in ya bari tsoron ya shige shi gaba ɗaya ba zai iya ko tashi ba. Sai zuciya ta rufe ƙofa. Matsalar ita ce ya dawo gida ƙofar ba ta buɗe ba, don jikinsa bai yarda cewa hatsarin ya ƙare ba.

Marin yaro kuwa haushin kaza ne ake hucewa a kan dami. Waɗanda suka wulaƙanta shi suna da bindiga, bai isa ya ɗaga musu ido ba, sai fushin ya nemi inda babu ramuwa.

Na ukun shi ne mai ciwon. Wannan raini da yake cewa kina masa, shi yake yi wa kansa. Shi ke kwana da tunanin gonar da aka sayar dominsa. Tunanin ya yi masa nauyin da ba zai iya cewa nasa ba ne, sai ya jingina miki. Shi ya sa duk rantsuwar da za ki yi ba ta gamsar da shi.

Amsar tambayarki: kada ki matsa. Tilasta wa mutum ya zayyana abin da ya same shi kafin ya shirya yana iya ƙara masa ciwo. Amma zuba ido ma ba magani ba ne. Mafarkin tsoro, firgita, gudun duk abin da zai tuna masa, saurin fushi, in sun haura wata ɗaya likitoci na duba ciwon da ake kira PTSD, wato damuwar da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda aka shigar cikin kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1980 bayan abin da aka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Ba hauka ba ne, kuma ana samun sauƙi.

Direban Tirela: Maman Biyu, ni abin ya taɓa faɗa min, Allah kada Ya maimaita. Ban yi wa maiɗakina bayani ba har yau, ba don na raina ta ba, sai don akwai abin da namiji ba zai so ya zauna a kan matarsa ba. Wanda na buɗe wa ciki wani ne da muka fito tare. Muna shan shayi a tasha ya ce min har yanzu ba ya iya cin tuwon da ba gishiri, sai kawai hawaye suka zubo min. In akwai wanda aka kama su tare, ki sa aminin maigidanki ya haɗa su. Kuma ki lura da abin da yake sha don ya samu barci. Da yawanmu a nan muka faɗa ƙwaya.

Malamin Islamiyya: Akwai masu ganin kuka ko faɗin damuwa rashin tawakkali ne, ina zaton wannan ma yana cikin abin da ya rufe masa baki. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf aya ta 84, kuma shi ne mai cewa "haƙuri mai kyau". Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim. A samu malamin da yake ganin girmansa ya faɗa masa wannan cikin hira, ba a matsayin wa'azi ba. Azkar da addu'a su ci gaba, neman magani kuma ba ya warware su.

Ummu Sadiq: Ku yi min afuwa, kowa na tausaya wa maigida, ni yaron nake tunani. Na tashi a gidan da uba ya dawo daga wata masifa ya dinga sauke ta a kanmu, aka ce mu yi haƙuri. Har na yi aure in namiji ya ɗaga murya jikina rawa yake. Sanin dalilin mari bai halatta marin ba. Hajiya Babba, da girmamawa, ban yarda a ɓoye wa kowa ba. Maman Biyu, ki same shi lokacin da ya huce ki ce masa kin san ba halinsa ba ne, amma ba za ki iya kallo ana dukan yara ba. In ya sake, ko ya kai hannu gare ki, ki sanar da babban da yake jin maganarsa. Ke ma kina buƙatar mai saurarenki.

Maman Biyu: Na gode, Allah Ya saka. Anti, to ta yaya zan kai shi asibitin tunda ya ƙi jin sunan?

Anti Nas: Ki bi ta ƙofar barci. Rashin barci da bugun zuciya ba abin kunya ba ne a wurinsa, don haka ki ce a je a auna hawan jini a babban asibiti. Ki samu likitan a gefe ki faɗa masa komai, shi zai san yadda zai tura shi wurin ƙwararre. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, a Kano kuma akwai Dawanau da sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Babban maganin zama ne da ƙwararre ana warware abin kaɗan-kaɗan, gwargwadon yadda zai iya ɗauka. Kada ki saya masa ƙwayar sa barcin nan diazepam a kemis, yana kama jiki kuma ba ya warkar da wannan ciwo. In kuma kika ji ya fara cewa gara da ya mutu a can, ko ya gaji da rayuwa, kada ki jira yardarsa. A ranar ki kira yayansa ku kai shi.