Shawara: in goge jan fentin gidan kallona ko in sakar wa mai POS wurin?

Mai Gidan Kallo, Gusau: Assalamu alaikum jama'a. Ina da gidan kallon ƙwallo a Tudun Wada. Jan fenti na yi mashi har ƙofa, ga tambarin Manchester United a bango, kowa Old Trafford yake ce mashi, wato sunan filin wasan kulob ɗin. Kun dai ga abin da Disambar 2024 ta yi mana, mu 'yan Man U. Tottenham ta ci mu 4-3 a kofin Carabao, Bournemouth ta zo har gida ta zuba mana 3-0, Wolves 2-0, Newcastle ma 2-0 a gida. 'Yan Man U su ne rabin masu shigo mani, yanzu sun ɗauke ƙafa. 'Yan Arsenal da Chelsea kuwa ƙasan layi suke tafiya, wai ba su ba abokin gaba kuɗinsu. Hayata za ta ƙare ƙarshen Janairu, kuma wani mai POS da cajin waya ya ce in sakar mashi wurin ya biya ni kuɗin benci da rufi. In sake fenti in cire sunan in ci gaba, ko in karɓi kuɗinsa? Don Allah masu sana'ar nake son ji, ba gardamar koci ba.

Ɗan Kaura: Laifin koci Amorim ne. Mutum ya zo a Nuwamba 2024 ya ce dole sai 'yan baya uku, alhali ba ya da 'yan wasan da za su iya tsarin. Kuma ya daina sa Rashford a wasa tun wasan Man City.

Gunner na Jega: Ƙwallo biyu daga bugun kwana kai tsaye cikin sati guda! Son na Tottenham ya yi wa gola Bayindir, Cunha na Wolves ya yi wa gola Onana. Alhaji kada ka goge komai, ka ƙara rubuta "ana karɓar gaisuwar ta'aziyya" a ƙofa, wallahi sai ka rasa wurin zaunar da mutane.

Baban Walid: Ka sake fenti kawai, fari ko kore. Bokiti biyu sun ishe ka, dubu talatin da kuɗin mai shafawa ka gama.

Injiniya Mafara: Dubu talatin a wace kasuwa? Jan fenti ba ya ɓoyuwa da shafa ɗaya, sai an bi shi sau uku. Ka tanadi dubu tamanin in ba so kake ja ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashin fari ba.

Tsohon Mai Gida, Argungu: Ƙanena, saurara ka ji. Ni ma irin naka gare ni, har suna ɗaya. Daren da Liverpool ta ci Man U 7-0 a filinta na Anfield, Maris 2023, shi ya tashe ni daga sana'ar. Ka tuna lokacin wahalar takardun kuɗi ne, babu tsaba a hannun kowa. Gida ya cika maƙil, rabi sun ce sun yi taransifa, alat bai shigo ba, na ce ku shiga, ai duk 'yan unguwa ne. An tafi hutun rabin lokaci 1-0, kowa na cewa za mu rama. Ana dawowa sai ruwan ƙwallaye. A ta biyar wani yaro ya hau benci yana ƙirga yatsu a fuskar wani magidanci, shi kuma ya kwashe shi da mari. Kafin in kashe janareta an rotsa mani talabijin babba da ƙafar benci, an fasa wa wani kai. Washegari gaban mai unguwa ni aka ce in biya kuɗin ɗinki, wai a gidana abin ya faru, kuma ni na rubuta sunan kulob a bango na raba kan yara. Wanda ya fasa talabijin ɗin ɗan mai gidan hayata ne, to wa zan kai ƙara? Taransifar nan kuwa har yau wasu ba su shigo ba. Ina cikin neman kuɗin wata talabijin aka cire tallafin mai ƙarshen Mayu, sai na kwashe bencina na sayar wa wata Islamiyya. Yanzu shinkafa nake saye a hannun manoma ina kai wa masu casa, kuma barci nake har da minshari ko ci goma aka yi wa Man U.

Ɗan Kaura: Allah Ya mayar da alheri, kawu. Amma 7-0 ɗin nan laifin Ten Hag ne, kocin lokacin, sati guda kafin nan fa ya ɗauki Carabao.

Baban Walid: Kawu, to me ya hana ka karɓi kuɗi a ƙofa? Ni inda nake kallo, ba ka ba da ɗari uku ba, ba ka ɗaga labule.

Tsohon Mai Gida, Argungu: Da wane kuɗin? Kai a 2023 ka ga ɗari biyu da idonka?

Na Sabon Gari: Ɗari uku? Mu nan ɗari biyu muka biya, in wasa biyu ne a haɗe ɗari ukku. Wanda duk yac ce ɗari ukku wasa guda, shi da bencinai za su kallo.

Mai Gidan Kallo, Gusau: Na gode kawu, amma ni ba a taɓa faɗa a wurina ba. Matsalata rashin mutane ce. Akwai wanda ya taɓa canza suna ya ga mutane sun dawo?

Injiniya Mafara: Ka daina sauraron 'yan kallo. Baban Walid bai taɓa biyan kuɗin dikoda na wata ɗaya ba, yana ba ka lissafin fenti.

Baban Walid: Kai fa? Gyaran janareta kake yi, in ya rufe ka rasa kwastoma, shi ya sa. Mu 'yan kallo mu ne kasuwar. In muka ce fenti ne ya kore mu, to fenti ne.

Malam Mai Alli: Ba fenti ba ne. Ina koyarwa a sakandare, yaran nan duk a waya suke kallo yanzu, mutum biyar kan waya ɗaya. Ku tuna 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, gidan kallo nawa ne bai cika ba? Dish bai san an rufe sabis ba. Ranar Lahadi, 5 ga Janairu 2025, Man U za ta je Anfield. Ka ƙirga kawuna ranar. In wasan Liverpool bai cika maka gida ba, launin bango ba zai cika shi ba.

Gunner na Jega: Zai cika mana, mu ma muna tafe da kalkuleta.

Ɗan Kaura: Ɗan Arsenal ne ke maganar kalkuleta? 8-2 da Man U ta ci ku a 2011, kun manta? Daga 2004 har wannan kaka ta 2024/25 ba ku sake ɗaukar kofin Firimiya ba.

Na Sabon Gari: Ku bar wanga zance. Abin da ka kashe gidan kallo wuta ce. Unguwarmu taransifoma ta ƙone tun damina, munka tara kuɗi gida-gida, har yau shiru, kuma takardar bil ba ta fasa zuwa ba. Mai gidan kallonmu wurin 'yan bumburutu yaka sayen mai kullum da dare.

Injiniya Mafara: Sola ce mafita. Da dubu ɗari bakwai za ka ɗauki talabijin biyu da fankoki.

Malam Mai Alli: Maƙwabcina ya kashe sama da miliyan, batir ɗin bai kai ƙarshen wasan ƙarfe tara.

Tsohon Mai Gida, Argungu: Ku ma kun tara kuɗin taransifoma? Mu sau biyu aka karɓa, wanda ya riƙe kuɗin yanzu sabon babur gare shi.

Mai Gidan Kallo, Gusau: Jama'a, mai POS ɗin ya sake kira, ya ce zuwa Juma'a yake son amsa.

Na Sabon Gari: Kawu, naku nawa-nawa anka karɓa kowane gida? Mu dubu biyar-biyar, masu shago dubu goma.