Neman buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya ganin lambarta, wato code): abin da masana suka ba da shawara

Yawancin masu rubuta manhaja sun yarda cewa yawan taurari (alamar yabo da masu amfani ke sakawa) a GitHub, shafin da ake ajiye lambar manhajoji, ba shi ne ma'aunin ingancin aiki ba. A akwatin bincike a rubuta language:python stars:>500 pushed:>2024-01-01, sai a tace ayyukan da aka daina taɓawa. A leƙa GitLab da Codeberg ma, shafuka ne irin GitHub.

Lasisi ne aka fi nanatawa. Lasisin MIT da na Apache 2.0 suna barin ka saka lambar cikin manhajar sayarwa. GPL kuwa, idan ka rarraba abin da ka gina da ita, dole ka saki lambarka ƙarƙashin lasisin. Wanda ba shi da lasisi kwata-kwata, a bar shi, domin haƙƙin yana hannun mai shi, ko da kowa na ganin lambar.

Sai a duba mutum nawa ke kula da aikin. A 2016 mutum ɗaya da ke kula da left-pad, wani ƙaramin kunshin lamba, ya cire shi daga npm, ma'ajiyar kunshin JavaScript, ayyuka da dama suka tsaya cak. A kuma tantance harrufan sunan kunshi kafin a girka, saboda ana dasa na bogi masu kama da na ainihi.

Mai son ba da gudummawa ya karanta CONTRIBUTING.md, fayil ɗin da ke bayanin yadda ake ba da gudummawa, ya nemi alamar good first issue, wadda ake sa wa ayyukan da suka dace da sabon shiga.