Wa lambun gidansa ya tsira a bazarar nan?

Maman Aisha, Runjin Sambo: Assalamu alaikum jama'a. Tumatir ɗina ya yi fure sai ya zubar, ko ɗa ɗaya bai kama ba, ga shi safe da yamma nake ba shi ruwa. Wanda ya taɓa ganin haka ya taimaka.

Malam, Arkilla: Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ƙishi ke damunsa ba, zafi ne. Rana in ta haura digiri 35 furen tumatir ba ya ɗaure 'ya'ya, mu kuwa a nan Sakkwato, a Afrilu da Mayu 40 muke wucewa. Shi ya sa masu lambu a fadamar Kwalkwalawa ke dasa shi da sanyin hunturu. Ni shekara biyu ina asarar iri kafin na haƙura. Yanzu kuɓewa da alayyafo nake sawa, sai zogale da ba ruwansa da rana.

Inna, Mabera: Ɗiyata, ki yi masa inuwa tukuna. Ni zana na kafa ta wajen yamma, na zuba ƙaiƙayin gero a gindin kowace shuka, ƙasar ba ta bushewa da wuri. Abin da ya fi yi mini amfani kuwa tsohuwar tukunyar ƙasa ce. Na binne ta har wuya tsakanin attarugu, ina cika ta, in rufe bakin da faifai. Tana tsatsowa a hankali, kwana biyu ban sake ɗaukar bokiti ba. Da kuɗin 'yan garuwa ya kusa sa in tumɓuke komai. Ruwan wankin shinkafa ma ba na zubarwa, amma na sabulu kada ki kuskura.

Ƙanin kowa, Gidan Igwai: Inna, ni ƙaiƙayin nan gara ya jawo mini, ta ci gindin furannina biyu.

Inna, Mabera: Ka manna shi da jikin shukar ne, ɗana. A bar tazara kamar faɗin tafin hannu, a barbaɗa toka.

Uwar biyu, Gawon Nama: Ni kashin kaji ɗanye na zuba, cikin kwana uku alayyafona ya ƙone ƙurmus. Ashe sai ya kwanta ya ruɓe. Na koma takin shanu busasshe. Ƙwari kuma, ganyen dogon yaro nake dakawa in jiƙa ya kwana, in tace in yayyafa bayan la'asar. Fara dai ba ta ji ba.

Maman Aisha, Runjin Sambo: Allah ya saka da alheri. Zan cire tumatir ɗin in jira ruwan Yuni in shuka rama da sure. Inna, tukunyar nan tawa ta ɗan tsage a gefe, za ta yi?