Na'urorin tsaron boda, mu suke karewa ko masu sayar da su?

Dan Jibiya:
Salam 'yan uwa. Satin da ya wuce na raka kawuna Maraɗi, a boda aka sa mu ɗora yatsu kan wani ɗan gilashi mai koren haske, aka ɗauki hotonmu, kawu har ya tsorata ya ɗauka laifi ya yi. Abin da ya tsaya mani a rai, mu da muka biyo ta ƙofa mu ake tantancewa, masu shigo da bindigogi kuwa ta barauniyar hanya suke bi a babur cikin dare. To wai kayan nan wa ke kawo su, kuma don wa?

Malam na Kofar Soro:
Wa alaikumus salam. Tambayarka ta yi. Irin na'urar nan hukumar IOM ta Majalisar Dinkin Duniya mai kula da ƙaura ke rabawa, sunan tsarin MIDAS, kuɗin kuma yawanci daga Turawa yake fitowa, su damuwarsu ɗaya ce kada bakin haure su isa Libiya su tsallaka teku. Ka tuna dokar da Nijar ta yi a 2015 ta hana jigilar bakin haure ta Agadas, Tarayyar Turai ce ta tsaya mata, direbobi da yawa suka rasa abin yi har aka kwace motocinsu, sai da sojoji suka karɓi mulki Janar Tiani ya soke ta a Nuwamba 2023. Mai ba ka kyautar na'ura matsalarsa yake magancewa ba taka ba.

Hajiyar Daura:
Malam gaskiya ne amma ni ban yarda a ce ba su da amfani ba. Iyakarmu da Nijar ta kai wajen kilomita 1,500, jami'ai nawa za su tsare wannan da ido? Jirage marasa matuƙi muke buƙata, Nijar ma ta sayi irinsu samfurin Bayraktar daga Turkiyya. Ai mun ga rufe boda na 2019, shinkafa ta yi tsada, kasuwar Mai'aduwa ta kwanta, 'yan bindiga kuma ba abin da ya hana su.

Malam na Kofar Soro:
Hajiya ai Amurka ta yi shekaru da sansanin jiragen nan a Agadas kafin a sallame su a 2024, mu nan me ya canja mana? Kuma saye ba shi ne ƙarshe ba, gyara da kayan gyara da injiniya duk a hannun kamfanin da ya sayar maka suke, ran da kuka ɓata da ƙasarsu jirgin ya zauna a ƙasa. Sannan zanen yatsun talakawanmu ina ake ajiye shi, wa ke iya buɗewa?

Dan Jibiya:
Wallahi Malam wannan ta ƙarshen ce kawu ya tambaye ni a mota muna dawowa, na rasa amsar da zan ba shi. In akwai wanda ya taɓa aiki a shige da fice a nan don Allah ya yi mana bayani.