Neman shawara: Python zai yi aiki a kan tsohuwar Kindle?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyon Python, yaren rubuta manhajojin kwamfuta, kuma yayana ya bar mini Kindle Paperwhite ta 2015, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon. Cajinta kan kai makonni, kwamfutata kuwa da an ɗauke wuta sai ta mutu. Zan iya rubuta ƙananan manhajoji in gwada su a kan Kindle ɗin? Tsorona kada in lalata ta.

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Zai yiwu, domin tsarin Linux, irin wanda ke tafiyar da kwamfutoci, ne a cikinta, Amazon ce ta kulle ƙofar. Sai an fasa kullen, sannan a sa KUAL mai buɗe manhajojin waje, da kterm inda za ki riƙa buga umarni, sai Python ɗin kansa. Amma tun yau ki kashe mata Wi-Fi. Da ta hau intanet takan sabunta kanta, kuma sabuntawar ce ke toshe ramukan da ake bi. Ki duba lambar tsarinta a saituna ki faɗa mana.

Amsa ta biyu: Ni dai ban ba ki shawarar ki mai da ita wurin aiki ba. Ƙwaƙwalwarta 512MB ce kacal. Ƙaramin lissafi za ta yi, amma manyan kaya irin su pandas, kayan Python na sarrafa bayanai, za su wahalar da ita. Babbar matsalar ma fuskarta ce: an yi ta don karatu, tana jinkirin sauya rubutu, ga inuwar tsohon shafi da kan rage. Python kuma ba ya yafe kuskuren tazara a farkon layi. Buga baka-baka da aya biyu a madannin da ke kan fuskarta, wallahi sai kin gaji kafin layi goma.

Amsa ta uku: Idan kina da wayar Android, ki sa Termux ko Pydroid 3, manhajojin da za ki iya gudanar da Python a cikinsu, ki yi gwajinki can. Kindle ɗin ki bar ta ga karatu: ki sa mata manhajar karatu ta KOReader, tana buɗe littattafai masu tsarin EPUB da PDF. Ita KOReader da yaren Lua aka rubuta ta, don haka in kin ƙware za ki iya yi mata ƙari da hannunki.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na kashe Wi-Fi. Lambar ita ce 5.16.2.1.1.

Amsa ta farko: Madalla, hanyar fasa kulle ta LanguageBreak tana aiki a kan wannan lambar. Ki fara kwashe littattafanki zuwa kwamfuta, domin sai an goge na'urar gaba ɗaya.